Ido da Rula ko Gwajin Ruwan Miki: Wanne Ya Fi Faɗin Gaskiyar Gyambo?

Tambayar da mai gyambo ke yi wa ma'aikaciyar jinya duk ranar wankin ciwo ba ta sauyawa: "Sista, yana warkewa kuwa?" Tambayar na da sauƙin yi, amsar ce mai wuya, kuma abubuwa da yawa sun rataya a kanta. In an ce masa e alhali mikin ya tsaya cik, za a ci gaba da maganin da ba ya aiki har wata biyu ko uku su shuɗe, kuɗi su ƙare, ƙwayoyin cuta su samu damar gangarawa zuwa ƙashi. In an ce masa a'a alhali naman na tasowa a hankali, sai ya karaya, ya ɗauke ƙafa daga asibiti, ya koma neman magani inda ba wanda zai auna masa komai.

Hanya biyu ke gaban masu jinya a yau wajen amsa wannan tambaya. Ɗaya ta tsufa tare da aikin likita kansa: a kwance bandeji, a duba, a shinshina, a taɓa, a ɗora rula a auna tsawo da faɗi, a rubuta, mako mai zuwa a sake. Ɗayar kuwa ta shekarun baya-bayan nan ce: a ɗebi ruwan da mikin ke tsatsafowa ko jinin mai ciwon, a auna wasu sinadarai da jiki ke fitarwa, a gane daga yawansu ko naman na ginuwa ko rushewa yake yi. Waɗannan sinadarai, da sauran abubuwan da ake iya aunawa irin su zafin fata da ƙarfin gudun jini, su ne manunan jiki. Masu goyon bayansu na cewa ido abin da ya riga ya faru yake gani, manuni kuwa abin da ke tafe yake faɗa. Akwai gaskiya a maganar, amma ba ta cika ba, kuma giɓin da ke cikinta ya shafe mu ƙwarai.

Idan wuƙa ta yanki lafiyayyen mutum, jini kan daskare cikin mintuna ya toshe wurin. Daga nan fararen ƙwayoyin jini su yi dafifi, su kashe ƙwayoyin cuta, su share mataccen nama, abin da ke kawo kumburi da zogin kwanakin farko ke nan. Bayan 'yan kwanaki kumburin ya lafa, jan nama ya fara tasowa daga ƙasa, ƙananan jijiyoyin jini su tsiro, fata ta riƙa matsowa daga gefe zuwa tsakiya. Ƙarfafa tabo shi ne na ƙarshe, yakan ci watanni, har shekara ko fiye. Gyambo rauni ne da ya maƙale a matakin kumburi ya kasa wucewa. Abin da ke riƙe shi ya bambanta. Mai ciwon suga yana ta taka mikin da ƙafar da ta daina jin zafi, ko kuma jijiyoyin da ke kai mata jini sun tsuke. Mai gyambon ƙwauri, jinin da ya kamata ya koma sama ne ke taruwa a ƙasa. Wanda ya daɗe a kwance, nauyin jikinsa ne ke danne naman kwankwaso ko na diddige. Mai sikila kuwa, ƙwayoyin jinin da suka lanƙwashe ne ke toshe ƙananan hanyoyin da ke kusa da idon sawu.

Labarin manunan miki ya faro ne daga wani bincike da bai shafi miki ba sam. A 1962, Jerome Gross da Charles Lapière suna nazari a birnin Boston na Amurka kan yadda wutsiyar ɗan kwaɗo ke narkewa idan zai zama cikakken kwaɗo. Sai suka gano wani sinadari da ke yanka kolajin, wato zaren da ke riƙe da nama da fata. Shi ne na farko cikin dangin da ake kira MMP, waɗanda suka haura ashirin a jikin ɗan Adam. Aikinsu irin na masu rushe tsohon gini ne kafin magina su shigo, don dole a kwashe ruɓaɓɓen bango kafin a ɗora sabon tubali. A raunin da ke warkewa sukan gama aikinsu su janye, domin jiki na da wasu sinadaran, masu suna TIMP, da ke dakatar da su. A gyambo kuwa masu rusau ba sa barin wurin: magini ya ɗora tubali da safe, su sauke shi da yamma.

An tabbatar da haka da awo. A 1999, Naomi Trengove da abokan aikinta daga Ostiraliya da Amurka sun samu cewa ƙarfin aikin MMP a ruwan gyambo ya ninka na sabon rauni kusan sau 30, kuma yana sauka idan gyambon ƙwauri ya kama hanyar warkewa. A 2002 wani bincike kan gyambon kwanciya ya nuna cewa duk sa'ad da MMP-9 ya rinjayi TIMP-1 da yawa, warkewa kan yi wuya. A 2009 masu bincike a Sidni sun ga irin wannan a ƙafar masu ciwon suga. Daga nan fata ya taso: in har za a iya auna wannan rinjaye ranar farko, me zai sa a zauna jiran makonni kafin a san maganin bai karɓi mikin ba?

To amma kafin a yi wa ido ritaya, ya kamata a san abin da yake iyawa, domin sau da yawa ana raina shi. Nas ɗin da ta daɗe tana wankin ciwo tana karanta abubuwa da dama cikin minti ɗaya. Jan nama mai damshi da ƙyalli alamar gini ce. Fari-fari ko ruwan ɗorawa mai yauƙi mataccen nama ne da ke buƙatar kankarewa. Baƙi ƙirin, busasshe, yana nuna jini ya daina zuwa. Tana duba baki: in ya kwanta, da siririn layin sabuwar fata a gefensa, to mikin na tafiya, in ya yi tudu, ya nannaɗe ciki, ko ya yi kanta, to ya tsaya. Tana lura da yawan ruwa da kaurinsa da warinsa. Kore-kore a bandeji tare da wani wari na daban kan sa ta zargi ƙwayar cutar Pseudomonas tun kafin ɗakin gwaji ya ce uffan. Sannan akwai tsinken ƙarfe mai dakusasshen kai da ake zurawa cikin mikin a hankali. Wani bincike da aka buga a 1995 ya nuna cewa a ƙafar mai suga da ta kamu da cuta, in tsinken ya ci karo da ƙashi, akwai ƙwaƙƙwaran zaton cutar ta shiga ƙashin. Har yau ƙwararru na amfani da wannan gwaji, kuma bai buƙatar lantarki.

Hujja mafi ƙarfi ga wannan ɓangare ita ce ta rula. A 2003 Peter Sheehan da abokan aikinsa sun buga sakamakon bibiyar mutum 203 masu gyambon ƙafa na ciwon suga. Sun duba yadda faɗin kowane miki ya ragu a makonni huɗun farko, sannan suka duba wanda ya warke sarai a mako na 12. Waɗanda mikinsu ya ragu da fiye da kashi 53 cikin 100, kashi 58 cikin 100 nasu sun warke. Waɗanda ba su kai haka ba, kashi 9 kacal suka warke. Tun daga nan ƙa'idar ta zauna: gyambon suga da bai ragu da rabi ba cikin mako huɗu na kyakkyawar kulawa, a sake lale. Ga gyambon ƙwauri ana amfani da kusan kashi 40. Abin da ya ba rula wannan ƙarfi shi ne, ainihin abin da ake nema take aunawa. Mai gyambo bai damu da yawan wani sinadari a ruwan mikinsa ba, rufewar mikin ce ta dame shi. Duk wani manuni wakili ne kawai na wannan rufewar, kuma wakili na iya kuskure.

Duk da haka rula na da nakasu, kuma ba na son a ɓoye su. Na farko, jinkiri. Mako huɗu lokaci ne mai tsawo ga ƙafar da cuta ke ci, sannan idan amsar ta zo, cewa kawai take "bai ragu ba", ba ta faɗin dalili. Na biyu, awon kansa. Ninka tsawo da faɗi yana ba da girman fili mai kusurwa huɗu, miki kuwa ba haka yake ba, har an samu wannan hanya na ƙara girman da kusan kashi 40 cikin 100. Wannan ba ya ɓata lissafi sosai in mutum ɗaya ne ke awon ta hanya ɗaya kowane mako. Amma a ɗakin wankin ciwon da ma'aikata ke karɓa-karɓa, wannan ta auna daga nan, waccan ta auna daga can, wani makon ma ba a auna ba, sai katin mara lafiya ya cika da "yana samun sauƙi" ba tare da lamba ko ɗaya ba. Wannan gyaransa na da sauƙi: a ɗora leda mai tsabta a zana bakin mikin a ƙirga, ko a ɗauki hoto da waya tare da rula a gefensa, daga nisa ɗaya kullum.

Nakasu na uku shi ne wanda ya fi damuna, kuma ba a cika ambatonsa ba. Tun ƙarni na farko na Miladiyya marubucin Rum Celsus ya lissafa alamomin kumburi huɗu: ja, kumbura, zafi da zogi. Da su ake koyar da ɗalibai har yau, kuma hotunan da ke yawancin littattafan koyarwa na farar fata ne. A baƙar fata ja ba ya fitowa ja. Wurin kan yi duhu ne fiye da kewayensa, ko ya yi shuɗi-shuɗi, ko ya yi sheƙi, kuma a ɗakin da haske bai wadata ba ana iya wuce shi. Ga mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji, zogi ma babu. In jijiyoyin jininsa sun tsuke, zafin ma kan ragu. Ƙa'idar ƙungiyar ƙwararru ta duniya kan ƙafar masu suga, IWGDF, ta ce a yanke hukuncin cuta ta shiga miki in an ga aƙalla biyu cikin alamomi biyar: kumburi ko tauri, jan da ya wuce rabin santimita a kewaye, zogi, zafi, da mugunya. A ƙafar baƙin mutum mai suga, biyu cikin biyar ɗin na iya ɓacewa tun kafin a fara duba. Ashe ke nan idon da muka fi kowa dogaro da shi, a jikinmu ya fi rauni.

Akwai awon da ya nuna girman wannan giɓi. Wani kamfani a Toronto ta Kanada ya ƙera kyamara mai suna MolecuLight, wadda ke haska miki da haske mai launin shunayya a cikin duhu. Inda ƙwayoyin cuta suka taru da yawa sai wurin ya yi ja, inda Pseudomonas take kuma ya yi tsanwa-shuɗi. A wani gwaji da aka buga a 2021, wanda aka yi kan mutum 350 a cibiyoyi 14 na Amurka, an yanki ɗan nama daga kowane miki aka ƙirga ƙwayoyin cutar. Kashi 82 cikin 100 na mikin suna ɗauke da su da yawa, kuma duban likita ya wuce kashi 85 cikin 100 na waɗannan bai gane ba. Da aka haɗa da kyamarar, ganowa ta ninka kusan sau huɗu. Da aka sake nazarin bayanan bisa launin fata, an ga an fi ƙarancin rubuta "ja" a kan masu fata mafi duhu, alhali ƙwayoyin cutar da ke mikinsu ba su gaza na sauran ba. Sai dai a riƙe abu biyu. Gwajin na da alaƙa da masu ƙera kyamarar. Sannan yawan ƙwayoyin cuta daban, kamuwa da cuta daban, domin babu gyambon da ba ya ɗauke da su. Shi ya sa ƙa'idar IWGDF ta 2023 ba ta yarda a dogara da ƙirgensu wajen yanke hukunci ba. A ƙasar da ake sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis ba tare da takardar likita ba, na'urar da za ta riƙa nuna ja a kusan kowane miki na iya ƙara ɓarnar magani in ba a yi hattara ba.

Gwajin MMP ɗin fa? A farkon shekarun 2010 aka fito da wani ɗan gwaji mai suna WOUNDCHEK, wanda ake shafo ruwan miki da tsinken auduga a samu amsa cikin minti 15. Binciken da ya raka shi kasuwa ya ce kusan kashi 28 cikin 100 na mikin da ba ya warkewa na da hauhawar waɗannan sinadarai, kuma tara cikin goma na irinsu ba za su warke ba in ba a ɗauki mataki ba. Tsarin ya kwanta a hankali: a gwada, in ya hau a sa bandeji na musamman mai rage sinadaran, in bai hau ba a huta da kashe kuɗi. Amma da masu tace bincike na Cochrane suka nemi hujja a 2016 kan gyambon ƙwauri, ba su samu ko da gwaji ɗaya ingantacce da ya kwatanta waɗanda aka yi wa wannan tsari da waɗanda ba a yi wa ba. A 2018 suka tattara bincike 19 da suka ƙunshi mutum 646 don ganin ko yawan sinadaran na hasashen warkewa, suka kammala da cewa hujjar mai rauni ce ƙwarai.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Ruwan miki ba jini ba ne da ke gauraye ko'ina daidai. Abin da aka shafo daga tsakiya ya bambanta da na gefe, na safe ya bambanta da na bayan an sha tafiya, irin bandejin da aka cire da hanyar ɗiban ruwan duk suna sauya sakamako. Ba a kuma daidaita kan lambar da za a ce daga nan ya yi yawa ba. Matsalar da ta fi wannan zurfi ita ce, hauhawar sinadaran sau da yawa sakamako ce ta wani abu daban. Ƙafar da ake takawa kullum, ƙwaurin da jini ya taru a cikinsa, mataccen naman da ba a kankare ba, cutar da ta shiga, duk suna kiran fararen ƙwayoyin jini, su kuma su zubo MMP. In gwaji ya ce ya hau, dole likita ya koma ya tambayi dalili, kuma dalilan su ne waɗanda ido da hannu za su nemo. Maganinsu ma sananne ne: a ɗauke nauyi daga tafin ƙafa, a ɗaure ƙwauri da ɗauri mai matsewa in jini na isa ƙafar, a juya na kwance, a kankare, a kashe cuta, a daidaita suga.

Akwai wani gwaji da nake ganin ya fayyace matsayin kowanne. A 2018 aka buga sakamakon gwajin Explorer, wanda Michael Edmonds na Landan ya jagoranta a asibitocin Faransa, Sifaniya, Italiya, Jamus da Birtaniya. Mutum 240 masu gyambon suga aka raba gida biyu. Rabi aka sa musu bandeji mai ɗauke da sinadarin da ke rage ƙarfin MMP, rabi aka sa musu irinsa amma babu sinadarin. Bayan mako 20, kashi 48 cikin 100 na rukunin farko sun warke, na biyu kashi 30. Wannan babbar nasara ce ga ilimin da ya faro daga wutsiyar ɗan kwaɗo, kuma ta nuna sinadaran suna da hannu a tsayawar miki, ba 'yan rakiya ba ne kawai. Amma ta yaya aka zaɓi waɗanda suka shiga gwajin? Ba da auna MMP ba. An yi musu kyakkyawar kulawa ta mako biyu, aka auna faɗin mikin, wanda nasa ya ragu sosai aka cire shi, wanda nasa ya ƙi aka shigar. Sanin manunin ya haifar da magani mai amfani, amma awon faɗi ne ya nuna wa za a ba.

Ba duk manunai ne ke jiran hujja ba, kuma rashin adalci ne a yi musu kuɗin goro. Akwai tsofaffi masu araha da suka riga suka samu gurbi. Gwajin ESR bututu ne da ake zuba jini a bar shi tsaye awa ɗaya a ga yadda jajayen ƙwayoyi suka kwanta. A mai gyambon suga, in ya haura milimita 70, zaton cutar ƙashi kan ƙaru sosai. Gwajin CRP yakan hau da sauri, ya kuma sauka cikin kwanaki in magani ya kama, don haka yana nuna ko ana cin nasara tun kafin faɗin mikin ya motsa. Ƙa'idar 2023 ta ce a nemi waɗannan idan duba ya bar likita cikin kokwanto. A wurinmu suna buƙatar a karanta su da lura, domin zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka na ɗaga CRP, ƙarancin jini na ɗaga ESR, a mai sikila kuwa ESR kan zauna ƙasa ko da akwai cuta, saboda lanƙwasassun ƙwayoyin ba sa jeruwa su nutse kamar na sauran mutane.

Wanda ya fi su duka nauyi shi ne awon jinin da ke isa ƙafa. Mikin da jini ba ya kai masa ba zai warke ba ko da wane irin bandeji aka sa, kuma ɗauri mai matsewa, wanda shi ne maganin gyambon ƙwauri, yana iya kashe ƙafar da jijiyoyinta suka tsuke. Taɓa bugun jijiya da yatsa bai wadatar ba. Da ƙaramar na'urar Doppler ta hannu ana kwatanta ƙarfin jini a idon sawu da na damtse, in na ƙafa ya gaza kashi 90 cikin 100 na damtse akwai matsala, in ya gaza rabi kuwa abin ya yi tsanani. A masu suga jijiyoyin idon sawu kan yi tauri su ba da lambar ƙarya, shi ya sa ake auna na babban yatsa, inda milimita 30 ko fiye a ma'aunin ƙarfin jini ke ƙara fatan warkewa. A nan kam manuni ya yi wa ido fintinkau, domin yana faɗa ranar farko abin da rula za ta faɗa bayan wata guda, kuma yana faɗin dalili.

Zafin fata ma na da tarihi mai kyau. Paul Brand, likitan da ya yi aiki da kutare a Indiya sannan a Carville ta Amurka, ya nuna cewa ba kuturta ce ke cin yatsu kai tsaye ba, rashin jin zafi ne ke sa mutum ya yi ta raunata gaɓarsa bai sani ba, kuma wurin da ke shan wahala kan ɗumama kafin ya fashe. Daga baya Lawrence Lavery da abokan aikinsa a Texas suka ba masu suga da gyambonsu ya warke ma'aunin zafi su riƙa auna tafin ƙafafunsu kullum. In wani wuri ya fi takwaransa na ɗaya ƙafar da digiri 2.2, sai su rage tafiya su kira nas. A sakamakon da suka buga a 2007, kashi 8.5 cikin 100 na masu awon ne gyambo ya dawo musu, sauran kuwa kusan kashi 30. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, tun da kusan kashi 40 cikin 100 na gyambon suga kan dawo cikin shekara guda da warkewa. Wani gwaji a Holan a 2021 bai samu riba mai girman haka ba, kuma ribar ta fi bayyana ga waɗanda suka rage tafiya da gaske da suka ga zafin. Ga gyambon kwanciya, ƙa'idar duniya ta 2019 ta ba da shawarar a haɗa da awon zafi da na ruwan ƙarƙashin fata idan ana duba masu duhun fata, saboda ja ba ya nunawa.

Bandeji masu na'ura a ciki suna nan tafe. A 2021 Jami'ar Ƙasa ta Singafo ta nuna wanda ke auna zafi da tsami da sinadaran kumburi ya aika wa waya. A 2025 ayarin Wei Gao na jami'ar Caltech ya gwada nasa a jikin mutum 20. Ƙoƙari ne mai ban sha'awa, amma abin da aka nuna zuwa yanzu shi ne na'urar na iya awo, ba cewa masu sanye da ita sun fi warkewa ba.

Idan aka dawo gida, lissafin kan sauya. Tsakanin 2016 da 2017 an bibiyi mutum 336 da aka kwantar saboda gyambon suga a manyan asibitoci shida na Najeriya, har da na Kano da na Zariya. Kusan huɗu cikin biyar sun zo ne mikin ya riga ya yi zurfi, ya kai ga ƙashi ko ƙurji ko ruɓewa. An yanke gaɓar kashi 35.4 cikin 100, kashi 20.5 kuma sun rasu. Cikin abubuwan da suka fi kai mutum ga yankewa akwai daɗewar mikin fiye da wata guda kafin zuwa asibiti, da tsukewar jijiyoyin jini, da cutar ƙashi. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke buƙatar gwajin ruwan miki kafin a gane shi. Mutumin da ya iso da yatsu biyu baƙaƙe, ba hasashe yake buƙata ba, tiyata da jini da maganin cuta yake buƙata a ranar. Haka gyambon da ya shekara goma a ƙwauri ko a tabon ƙuna, bakinsa ya yi tudu yana zubar jini da ɗan taɓi: abin tsoro a nan shi ne ya rikiɗe ya zama ciwon daji, kuma yankar ɗan nama a duba a madubin likita ne kaɗai zai raba gardama.

Shi ya sa, in aka ba ni zaɓin abin da za a fara saya wa ɗakin wankin ciwo a babban asibitin ƙaramar hukuma, rular takarda da ake yarwa bayan amfani zan fara sa wa a gaba, da kati mai gurbin rubuta lamba kowane mako, da fitila mai haske sosai, da tsinken ƙarfe, da Doppler ta hannu, da ma'aunin zafin fata, sannan a tabbatar ɗakin gwaji na iya yin ESR da CRP. Rabin wannan jeri manunai ne, kuma na zaɓe su ne don kowanne na iya sauya abin da za a yi wa mara lafiya a ranar: a ɗaure ko kada a ɗaure, a tura shi wurin likitan jijiya, a tsawaita magani, a hana shi tafiya. Gwajin MMP bai kai nan ba tukuna, kuma mara lafiyar da ke biyan kuɗin auduga da safar hannu daga aljihunsa bai kamata a ɗora masa kuɗin gwajin da amsarsa ba za ta sauya komai ba.

Amma ban yarda mu tsaya jiran wasu su kawo mana hujja ba, domin tambayar da ta fi damunmu ba ita ce ta fi damunsu ba. Kusan duk lambobin da ake aiki da su, daga rabin faɗi a mako huɗu har digiri 2.2, a Amurka da Turai aka fitar da su, yawanci a jikin masu hasken fata, masu rufaffen takalmi, a ƙasashe masu sanyi. Manomin da ke yini a rana da silifa, mai sikilar da jininsa bai cika ba, tsohuwar da ja ba ya nunawa a kwankwasonta, su ne suka fi buƙatar abin da zai gani inda ido ya gaza, kuma su ne aka fi ƙarancin gwadawa. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato, da manyan asibitocin Maraɗi da Damagaram, suna da masu gyambon da suka isa a yi wannan aiki. A raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi a bi su da ido da rula kaɗai, rabi a ƙara musu awon zafi da CRP bisa tsarin da aka rubuta tun farko na abin da za a yi in lamba ta hau, sannan a ƙirga waɗanda suka warke a mako na 12, da waɗanda aka yanke wa ƙafa, da abin da kowane gida ya kashe.